Tambayar da Ban Yi wa 'Yar Kafinta Ba

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma shugabar wannan taro, babbar alƙaliyar kotun iyali, wadda na sani tun tana sabuwar lauya murya na rawa a gabana, yau ga shi ita ce ta ba ni minti ashirin tana duban agogo. 'Yan uwana alƙalai, masu ci da waɗanda suka ajiye aiki irina. Lauyoyi, da muka sha artabu shekara da shekaru, waɗanda har gobe ina ƙaunarsu, ko da yake ban ce na yi kewarsu ba. Magatakarda da masinjoji, waɗanda in ba don su ba da ko fayil ɗaya bai iso teburina ba. Jami'an walwala masu bin gida-gida cikin zafin rana. Malaman makaranta da na hango can gefe. Iyaye maza da iyaye mata, kakanni, gwaggwanni da kawunnai. Da ku yara da aka taho da ku ba da son ranku ba, kuna ta kaɗa ƙafa a ƙarƙashin kujeru: ina gaishe ku baki ɗaya, da fatan kun zo lafiya, kun baro gida lafiya.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga waɗanda suka yi ta kai da kawo har aka ware ɗaki guda a cikin ginin kotun nan domin sauraron yara, ɗakin da muka taru mu buɗe yau. Ina kuma godiya da aka tuna da tsoho aka ce ya zo ya yi magana. Na san akwai waɗanda gabansu ya faɗi da suka ga sunana a takardar gayyata, domin shekara ashirin da bakwai da na yi a kan kujerar nan, sunan da ma'aikata ke kirana da shi a bayan idona shi ne Sai Wata Mai Zuwa. Kun ɗauka ban sani ba? Na sani tun shekarar farko. To ku kwantar da hankalinku, yau ba zan ɗage komai ba. Abin da na zo faɗa na riga na ɗage shi fiye da kima.

Magana uku ce da ni. Ta farko, yadda shari'ar riƙon yara ke tafiya a kotu, domin da yawa cikin iyayen da ke zaune nan ba su taɓa ganin cikinta ba, kuma ina roƙon Allah kada su gani. Ta biyu, wani kuskure da na yi da hannuna. Ta uku, abin da nake roƙo a yi da ɗakin nan.

Jama'a, shari'ar riƙon yaro ba ta kama da kowace shari'a. In gona ake jayayya a kai, a auna ta a raba. In mota ce, a sayar kowa ya kama gabansa. Amma yaro ba ya rabuwa, ba ya sayuwa, kuma ba ya tsayawa ya jira kotu ta gama: ana ɗage zama yana girma, ana musayar takardu haƙoransa na faɗuwa wasu na fitowa. Mutum biyu ne ke zuwa gabanka, waɗanda wata rana su suka zaɓi juna a cikin dubban mutane, yau kowanne ya cika shafi goma da munin ɗan uwansa. Ka karanta takardar uwa ka ce wannan uba bai cancanci a ba shi riƙon kaza ba. Ka juya ta uban ka ce ina ma ba a haifi wannan mata ba. Sai ka ɗaga kai ka gan su zaune, kowa ya kawar da fuska, ka tarar mutane ne kamar ni da ku, waɗanda gajiya da ɓacin rai suka yi wa yawa.

Me kotu ke yi? Tana sauraron shaidu, kuma shaidun riƙon yara dangi ne, dangi kuwa kun san su. Na taɓa samun wata gwaggo da ta rantse mini cewa tun da take ba ta taɓa ganin uba mai kula irin ɗan uwanta ba, kuma ita ce shaida domin kullum tana gidan. Na ce, "Madalla. Yaron aji nawa yake?" Ta gyara mayafi ta ce, "Ranka ya daɗe, yana dai zuwa makarantar." Bayan shaidu, kotu na duba takardun makaranta da katin asibiti. Sannan ta aika jami'ar walwala ta je ta ga gidajen biyu da idonta, tun da gani ya kori ji. Amma shi ma ganin ana yi masa kwalliya. A zamaninmu sai an rubuta wa mutum ranar da za a zo, saboda haka kafin jami'a ta iso an share, an goge, an aro abin da babu. Wata jami'armu, Allah ya ji ƙanta, ta shigo ofishina ran nan ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani ƙaramin gado shuɗi mai hoton agwagwa. Gida uku ke nan ina tarar da shi a bana. Wallahi gadon nan ya fi ni zirga-zirga."

Bayan duk wannan, sai alƙali ya zauna shi kaɗai ya yanke: wajen wa yaro zai zauna, wace rana ɗayan zai gan shi, ina zai yi hutun makaranta. Ma'aunin da aka ba mu guda ɗaya ne, wato abin da ya fi zama alheri ga yaron. Ba abin da ya fi daɗi ga uwa ba, ba abin da zai wanke uba a idon danginsa ba, abin da ya fi zama alheri ga yaron. Faɗar wannan a baki ba wuya. In ɗaya cikin iyayen mai duka ne, ko mai maye ne, ko mai barin yaro da yunwa, aikin alƙali ya yi sauƙi, duk da ciwon da ke ciki. Shari'ar da ke hana alƙali cin abinci ita ce wadda iyayen biyu duk na kirki ne, kowanne na son ɗansa tsakani da Allah, kuma dole gobe da safe yaron ya tashi a gida ɗaya.

Wannan ya kawo ni magana ta biyu. Labarin da zan ba ku na nemi izinin masu shi, kuma sun ba ni.

Shekara goma sha takwas da suka wuce aka kawo mini fayil na wata yarinya 'yar shekara tara. Ubanta kafinta ne, yana da shago a ƙarshen wani layi, da ɗaki biyu a bayan shagon. Uwarta ma'aikaciyar jinya ce. Sun rabu ba tare da wani abin kunya ba. Zama ne kawai ya ƙi, ko tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Yarinyar ta taso a cikin dusar katako. Kullum sai ta zare fensirin da uban ke maƙalawa a bayan kunne ta soka a nata, har ya daina kiran sunanta, sai dai 'Yar Fensir. Uwar kuma ita ke yi mata kitso, ita ke zama da ita a kan aikin makaranta, ita ta san wane magani ke sa ta ƙaiƙayi. Rahoton jami'a ya ce gida biyun duk lafiya. Shaidu suka zo suka tafi, ba wanda ya ƙara mini komai. Muka yi zama goma sha ɗaya ina ɗagewa.

Sai in gaya muku halin da nake ciki a lokacin, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A shekarar nan kotun da ke sama da mu ta rushe hukuncina har guda biyu, ta ce ban kawo isasshiyar hujja ba. Wanda bai taɓa zama alƙali ba ba zai san zafin wannan ba. Ka shiga ɗakin shan shayi abokan aiki su yi shiru. Saboda haka na ƙudurta cewa wannan karon zan rubuta hukuncin da ba lauyan da zai sami ƙofar shiga. Ina neman hujja mai ƙarfi, kuma na san inda zan same ta.

Na sa aka kawo mini yarinyar ofis. Kun san ofishin alƙali: tebur kamar gadon kwana, fayil tsibi-tsibi, fanka na juyawa a sama, ni a kan doguwar kujera mai juyi. Aka zaunar da ita a kujerar baƙi, ƙafafunta na lilo ba su kai ƙasa ba, ga guntun fensir a bayan kunne. Na miƙa mata alewa, ta karɓa ta riƙe, ba ta ɓare ba.

Na ce, "'Yata, wajen wa kike so ki zauna? Wajen Mama ko wajen Baba?"

Ta dubi ƙofa, ta dube ni, ta ce, "In na faɗa, za ka gaya musu?"

Na ce, "Haba, tsakanina da ke ne."

Ta daɗe tana murza takardar alewar nan. Can ta ce, a hankali, "Wajen Mama."

Na rubuta kalma biyu, na rufe biro, na ce a mayar da ita. Duka-duka minti huɗu muka yi. Raina fari tas, na sami abin da nake nema.

Ranar hukunci na karanta shafi goma sha shida a gaban kowa. A shafi na goma sha huɗu na rubuta cewa kotu ta gana da yarinyar, kuma da bakinta ta shaida wa kotu ta fi son mahaifiyarta, wajenta take so ta zauna. Ku lura, jama'a: yarinyar ba ta ce ta fi son kowa ba. Ni na ƙara wannan, don hujja ta yi nauyi. Kuma alkawarin da na yi mata ko tuna shi ban yi ba, domin a ganina alkawarin da aka yi wa yaro lallashi ne kawai.

Da na gama, kafinta ya miƙe, hularsa a hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ita ta faɗa?"

Na ce, "Ita ta faɗa."

Ya ce, "To, shi ke nan."

Na ba uwar riƙo, shi kuma na ba shi kowace Asabar, daga ƙarfe goma na safe zuwa biyar na yamma. Lauyansa ya yi ta binsa a ɗaukaka ƙara, ya ce a'a. Ni kuwa na yi murna, hukuncina ya tsaya. Aka ɗaure fayil da jan zare aka kai ɗakin ajiya. A wurinmu, fayil ɗin da bai dawo ba shi ake kira nasara.

Shekara goma sha shida suka wuce. Na ajiye aiki, ina zaune a baranda wata safiya ina karanta jarida, sai uwargidana ta ce ina da baƙuwa. Wata matashiya ce ta shigo da jariri a kafaɗa da ambulan a hannu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta zaro takarda guda ta miƙo. Shafi na goma sha huɗu ne, an ja layi da fensir a ƙarƙashin jimla ɗaya.

Ta ce, "Baba, ka gane ni?"

Na ce, "Ki yi haƙuri 'yata, yara da yawa sun ratsa ta gabana."

Ta ce, "Ni ce wadda ka ce wa tsakanina da ke ne."

Jama'a, na yi shekara ashirin da bakwai mutane na rawar jiki a gabana. Ran nan ni ne na rasa inda zan sa idona.

Ta ba ni labari ba tare da ta ɗaga murya ba. Asabar ta farko ta yi wanka tun da sassafe ta tsaya bakin taga. Uban ya zo, amma ya zauna kamar baƙo, ya kira ta da cikakken sunanta, abin da bai taɓa yi ba. Ya zo Asabar ta biyu, ya zo ta uku. Daga nan sai ya riƙa aiko da abin da take buƙata, bai taɓa fashi ba, amma shi ya daina zuwa. Uwar ba ta hana shi ba, har aike ta yi masa. Amsarsa ita ce ba zai takura wa yarinya ba tun da ta faɗi ra'ayinta. Ita kuma yarinyar ba ta san me aka karanta a kotu ba, domin ba a shiga da yara. Ta yi ta tunanin wane laifi ta yi. Sai da ta kai shekara goma sha biyar ta ci karo da takardar hukuncin a cikin akwatin uwarta. Daga ranar kunya ta hana ta tunkarar shagon. Suka koma gaisuwar maƙwabta: in an haɗu a hanya, ina kwana, lafiya lau, kowa ya wuce.

Sannan ta ce, "Baba, ka san abin da ya sa na ce wajen Mama? Ranar da za a kawo ni wurinka, na shiga ɗaki na tarar Mama ta zauna a bakin gado, ta riƙe takalmina tana kuka. Babana kuwa ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da zarto ya yanke shi dariya ya yi. Sai na ce a raina, shi zai iya jurewa, ita ba za ta iya ba. Ba wanda na fi so na zaɓa ba, wanda nake tsoron zai karye na zaɓa. Da ka ce mini don me, da na gaya maka."

Don me. Tambaya ce da ko ɗan aji ɗaya ya iya. Ni da na yi ta titsiye manyan shaidu da ita, ban yi wa 'yar shekara tara ba, domin amsar farko ta ishe ni rubutu.

Na ce, "Yanzu me kike so in yi?"

Ta ce, "Sau biyu ina zuwa ina gaya wa Babana. Sai ya ce, 'Ba komai, ya wuce, ai yarinya ce ke lokacin.' Bai yarda ba, gani yake lallashinsa nake yi. Ga ɗana, wata huɗu, ya yi masa gado da hannunsa ya aiko, amma bai zo ya ɗauki yaron ba. Daga bakinka ya ji waccan maganar. Ka zo ya ji wannan daga bakinka."

Zuciyata ta ce in ce mata sai wata mai zuwa. Wallahi ta ce. Amma na ɗauki sandata muka tafi a ranar.

Shagon yana nan inda yake, ƙofofi da ba a gama ba jingine da bango, ƙamshin sabon katako, rediyo na magana a kan wani kanta. Ita ta tsaya waje da yaron. Na yi sallama na shiga. Ya yi furfura, fensir na nan a bayan kunne. Kallo ɗaya ya gane ni. Ya kaɗe wani benci da hularsa ya ce, "Ranka ya daɗe, kujera ake so ko tebur?"

Na ce, "Ƙara na kawo."

Ya ce, "Ƙarar wa?"

Na ce, "Tawa."

Na faɗa masa komai: hukuncin da aka rushe mini, hujjar da nake nema, alkawarin da na karya, kalmar da na ƙara. Yana ta goge wani katako bai ɗago ba. Da na kai ƙarshe ya ce, "Ranka ya daɗe, minti nawa ka yi da ita?"

Na ce, "Huɗu."

Ya girgiza kai ya ce, "Ni ko katakon taga sai in wuni ina juya shi kafin in sa masa zarto." Sannan ya ce, "Ba ta ce ta fi son uwarta ba?"

Na ce, "Ba ta ce ba. Ni na rubuta."

"Cewa ta yi ni zan iya jurewa?"

Na ce, "Haka ta ce."

Ya ajiye katakon. Ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suka soma rawa. Mutum mai shekara sittin, hannu kamar icce. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka haka ba. Can ya share fuska da hannun riga, ya leƙa ƙofa ya ce, "'Yar Fensir, shigo mana. Kin tsaya a rana da yaro."

Ba zan ba ku labarin abin da ya biyo baya ba, domin nasu ne, kuma wannan karon zan riƙe amana. Abin da zan faɗa shi ne abin da ya ce mini da ya rako ni bakin titi. Ya ce, "Ni ma da nawa laifin. Na ji magana ɗaya na naɗe tabarmata, ban je na tambayi 'yata ba. Na yafe maka, ranka ya daɗe. Amma Asabar ɗari takwas da 'yan kai sun tafi, kuma su ba a ɗage su zuwa wata mai zuwa."

Mai girma shugaba, jama'a masu daraja, ga maganata ta uku, kuma roƙo ce.

Kada wani ya fita daga nan ya ce tsohon alƙali ya ce a daina sauraron yara. A'a. A saurare su, a ƙara sauraron su, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yaron shi ne mai ɗakin. Amma sauraron yaro daban, ɗora masa hukunci daban. Ya ku 'yan uwana alƙalai, in kun shiga ɗakin nan, kada ku ce wa yaro ya zaɓa tsakanin uwarsa da ubansa. Ku tambaye shi wa ke tashinsa da safe. Ku tambaye shi in kansa na ciwo wa yake gaya wa, me ke ba shi dariya a wancan gida, me ke ba shi tsoro a wannan. In ya faɗi magana, ku ce don me, in ya amsa ku sake cewa don me. In ya yi shiru ku ƙyale shi, shiru ma magana ce. Kada ku yi masa alkawarin sirrin da ba za ku iya riƙewa ba. Ku gaya masa gaskiya, abin da za a faɗa da abin da ba za a faɗa ba, kuma kalmar da za ku rubuta da sunansa, shi ya fara jin ta kafin kowa. In kuka zo yanke hukunci, ku yanke da sunanku. Ku ce kotu ce ta ga haka. Albashin ɗaukar wannan nauyi mu ake biya, ba yaro ba. In za a rushe hukuncin a sama, a rushe. Gara fayil ya dawo sau goma da a bar yarinya tsaye bakin taga.

Ya ku lauyoyi, wanda ya ɗauke ku aiki zai sallame ku ranar da shari'a ta ƙare, amma mutanen nan biyu za su ci gaba da haɗuwa a ƙofar makaranta, a gefen gadon asibiti, har a kan jikoki. Magana zarar bunu ce. Duk jimlar da za ku rubuta a kan uwa ko uba, ku ɗauka wata rana ɗan shekara goma sha biyar zai buɗe akwati ya karanta.

Ya ku dangi, gwaggwanni da kawunnai da kakanni, ku ne kuke cika bencin baya kuna ƙwafa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada ku zama ku ne ƙadangarun. Mai son yaro da gaske shi ne wanda zai raka shi gidan ɗayan ya kuma gaishe da mutanen gidan.

Ku kuma iyaye, ku da abin ya fi shafa, ina roƙonku da girman Allah. Kada ku biya wa yaro abin da zai faɗa a kotu, muna ganewa, domin yaro ba ya cewa "rashin kulawa" da kansa. Kada ku mai da shi ɗan aike, kada ku mai da shi ɗan leƙen asiri. Wanda aka ba riƙo, ba nasara ya yi ba, amana aka ɗora masa. Wanda aka ba rana ɗaya, ya zo ranar nan, ko an ɓata masa rai, ko an bar shi tsaye a ƙofa, ko ya ji an ce yaron ba ya son ganinsa. Ya zo, ya sake zuwa, ya tambayi ɗansa da bakinsa. Aurenku ne ya mutu, amma har abada ku ne uwarsa da ubansa.

Na ga shugaba ta sake duban agogo, saura kaɗan. In an yanke ƙyallen nan kuka shiga ɗakin, za ku ga tebur ɗan ƙarami da kujeru shida na yara, da gwangwani cike da fensir. Kafintan da na ba ku labari shi ya yi su, kuma ya ƙi karɓar ko sisi. Yana can layin baya, ga jikansa a cinya yana ƙoƙarin zare masa abin da ke bayan kunne. Ga 'yarsa a damansa, ga mahaifiyarta a gefenta. Ba zan ce su miƙe ba, sun tsaya a gabana ya isa haka.

Akwai kuma kujera ta bakwai. Babba ce, mai faɗi, ta manya, amma ƙafafunta ba su fi taƙi ɗaya ba. Ranar da ya kawo kayan na ce masa, "Malam, wannan fa? Awo ne ya kuɓuce maka?" Ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, ta alƙali ce. Da gangan na yanke mata ƙafa. Duk wanda zai tambayi yaro, ya sauko su haɗa ido. Kuma na yi ta yadda tashi daga kanta zai yi wuya, don kada ya yi saurin miƙewa."

Na gwada ta jiya. Sai da masinja biyu suka kama ni na tashi. Ina roƙon kowane alƙali da zai zauna a kanta ya daɗe.

Allah ya sanya albarka a wannan ɗaki, ya sa yaran da za su shige shi su fito zuciyarsu ba nauyi. Allah ya ba alƙalanmu haƙurin tambaya da ƙarfin ɗaukar abin da suka yanke. Gidajen da ke zaune lafiya, Allah ya ƙara musu zaman lafiya. Waɗanda suka rabu, Allah ya sa rabuwar ta tsaya a kan manya. Allah ya raya mana 'ya'yanmu, ya yafe mana abin da muka yi musu da saninmu da wanda muka yi cikin gaggawa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.